Sakandare ta zama kyauta, to me ke tsayar da 'ya'yan Zango a hanya?

"Assalamu alaikum. Ni mai sayar da waakye ce, wato shinkafa da wake, a Aboabo, Kumasi. Ina da yara biyu a makarantar gwamnati, macen tana JHS 2, wato aji biyu na ƙaramar sakandare, wanta yana JHS 3. An ce sakandare kyauta ce yanzu, amma a layinmu waɗanda suka kai jami'a ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, waɗanda suka gama ma suna zaune ba aiki. Babansu yana cewa a sa ƙarfi a kan namijin, ita ta koyi ɗinki tunda gidan wani za ta. Shin talauci ne ke tsayar da yaranmu, ko don mace ce? A ina zan sa ɗan abin da nake da shi?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya su, ya yi musu albarka. Idan na fahimce ki, abu biyu kike son sani: mene ne ke tsayar da ɗan Zango bayan an ɗauke kuɗin makaranta, sannan a ina guminki zai fi amfani. Talauci da zama mace tare suke aiki, ɗaya na riƙe wa ɗaya ƙafa. Ƙarfin aljihun gida shi ke yanke irin makarantar da yaro zai shiga, da tsawon lokacin da zai iya jira kafin ya fara kawo kuɗi. Bambancin mace da namiji kuwa yana fitowa ne ranar da abin hannu bai isa kowa ba, aka zo rabo. A gidan wani likita a Nhyiaeso, unguwar masu hali, ba a zama a ce ita ko wanta, duka biyun za su tafi. A gidan haya mai ɗaki ɗaya ake wannan shawara.

Inda tazarar ta samo asali

Karatun boko a ƙasar nan ta Ghana ta hannun 'yan mishan ya shigo. Wesley Girls ta samo asali tun 1836, Mfantsipim 1876, duka a Cape Coast, a nan Kumasi kuma aka buɗe Prempeh College a 1949. Kakanninmu na Zango fatake ne, 'yan goro, mahauta, masu gadi da sojoji, suna da nasu karatun na allo, suna kuma tsoron kai yaro inda za a canza masa suna da addini. Tsoron nan yana da dalilinsa a lokacin, amma ya bar mana giɓi. Sakandaren T.I. Ahmadiyya ta Kumasi ta zo a 1950, sai a 1987 aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta GES, makarantun Larabci da Turanci suka samu malaman gwamnati. Saboda haka akwai gidan da kakar yarinya ta yi sakandare, akwai kuma gidan da 'yarki ce za ta fara. Wancan gidan ya san yadda ake cike fom, ya san wane darasi ke kai wa ina, yana da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da zai buga wa waya. Wannan sanin gado ne, kamar fili.

Da aka fara sakandare kyauta a Satumbar 2017, an cire babban shinge, kada a raina wannan. A 'yan shekarun nan ma mata masu zana BECE, jarrabawar gama JHS, sun ɗan fi maza yawa a ƙasa baki ɗaya. Ƙofar shiga a buɗe take. Tankaɗen a ciki yake, kuma rariya uku ko huɗu ce a jere.

Rariya ta farko: BECE da sa'o'in yarinya

Ana ba kowane darasi maki daga 1 zuwa 9, 1 ne mafi kyau. A haɗa manyan darussa huɗu, wato Turanci, Lissafi, Kimiyya da Soshiyal, da wasu biyu da yaro ya fi ƙoƙari a cikinsu, jimillar ita ce agiriget. Mafi kyau 6. Ki lura da yadda lissafin yake: yarinyar da za ta iya samun 2 a kowane darasi tana da 12, idan ta zame mataki ɗaya kacal a kowanne ta koma 18. Mataki ɗaya ba komai ba ne a ido, amma tsakanin 12 da 18 makarantu da yawa sun rufe mata ƙofa.

Mataki ɗayan nan kuwa galibi ba a aji ake rasa shi ba. Ki duba gidan mai waakye ko mai koko kafin asuba. Ƙarfe huɗu an tashe ta, ta hura wuta, ta ɗauraye ganyen dawa, ta dama barkono, ta ɗauki babbar tukunya da wani zuwa bakin titi, ta dawo ta ɗauki kwandon ƙwai da taliya, sannan ta watsa ruwa ta sa yunifom. Ta isa an rufe ƙofa, a sa ta tsintar shara, darasin farko ya wuce, kuma a makarantu da yawa Lissafi ko Turanci ake sawa da safe. Da yamma ta je makarantar Larabci, ta dawo ta tarar da tukwane na jiranta. Wanta tare suke tashi daga makarantar Larabcin, amma shi filin ƙwallo ya nufa, ko ya buɗe littafi idan ya ga dama. A ce sa'a biyu da safe, biyu da yamma, kwana biyar a mako: sa'a 20 ke nan. A shekarar karatu mai mako kusan 40, sa'a 800 ta tafi. Ɗan mai kuɗi a wannan lokacin yana zaune a kilasis, wato ƙarin darasin da aka biya, yana maimaita tsofaffin tambayoyin WAEC. Ba zargi nake ba, Hajiya, da cinikin nan ake ci ake sha a gidan. Amma idan sakamako ya fito aka ce macen "ba ta da kai", a tuna da sa'o'in nan.

Akwai kuma maganar harshe. Hausa ba ta cikin harsunan gida da ake koyarwa ana jarrabawa a kansu, don haka yaronmu Twi zai zana a Kumasi, a Accra kuma galibi Ga ko Twi. Yaron da ya tashi da Hausa a gida, Twi a titi, Larabci a makaranta, Turanci a aji, harshe huɗu yake ɗauke da su, na huɗun ne kuma ake rubuta kusan dukan jarrabawa da shi. Tun 2024 an sa Larabci cikin darussan da ake iya zanawa a BECE. Idan makarantarsu na koyar da shi, yana iya shiga cikin biyun nan na ƙari ya rage agiriget. Ki tambaya.

Jinin al'ada ma yana cin kwanaki. A 2025 gwamnati ta fara raba audugar mata kyauta a makarantu, sai dai inda babu ruwa da banɗaki mai ƙofa yarinya gida take zama. Ki tambaye ta a keɓe kwana nawa take fashi a wata, ba za ta faɗa da kanta ba.

Rariya ta biyu: fom ɗin zaɓen makaranta

Tun 2005 kwamfuta ke raba yara zuwa sakandare, tsarin da ake kira CSSPS. Makarantu suna rukuni-rukuni, A, B, C, kuma ƙa'idar da aka daɗe a kai ita ce ɗaya tak ake zaɓa daga rukunin A. Adadin makarantun da ake zaɓa yana canzawa, don haka ki nemi takardar bana daga hedimasta, kada ki dogara da ta bara. An ware kashi 30 cikin 100 na guraben manyan makarantu ga yaran JHS na gwamnati, yaranki suna cikin masu wannan haƙƙin. Abin haushi shi ne wasu masu hali sukan mayar da rajistar yaransu makarantar gwamnati a shekarar ƙarshe don su ci wannan kason.

Kuskure biyu ake yawan yi a nan. Na farko, a bar yaro ya cike fom shi kaɗai, ya jera manyan sunaye, Yaa Asantewaa, St Louis, Opoku Ware, ba tare da duba makinsa na jarrabawar gwaji ba. Kwamfuta ta tsallake shi duka, a koma neman gurbi da kai ta intanet, a ɗauki abin da ya rage. Na biyu kishiyarsa ne, kuma mata ya fi samu: yarinya mai ƙoƙari a ce ta zaɓi jeka-ka-dawo mafi kusa da gida don ta ci gaba da taimaka wa ciniki. Ga yarinyar da ke kwana a ɗaki ɗaya da ƙanne biyar, makarantar kwana tana ba ta abin da gida ba zai iya ba ta ba, wato tebur, fitila da sa'o'in karatun dare da ba mai aikenta. Kuɗinta shi ne kayan shiga: akwatin ƙarfe, akwatin abinci, katifa, bokiti, zanen gado, garin kwaki, sukari, madara, sabulu, ga kuɗin mota duk hutu. Nan ne "kyauta" ke ƙarewa, iyaye da yawa kuma sai bayan sakamako suke jin labarin jerin kayan. Iyayen da ke ɗari-ɗari da makarantun mishan saboda salla, azumi da lulluɓi suna da dalili, an sha taƙaddama a kai. Amma a Kumasi akwai T.I. Ahmadiyya, Islamic SHS da Sakafia, akwai kuma Islamic Girls a Suhum.

A wannan fom ɗin ake zaɓen sashen karatu, kuma a ganina wannan layin ya fi sunan makarantar nauyi. Mai son likitanci, haɗa magunguna ko injiniya sai ya bi sashen kimiyya, ya yi Fiziks, Kemistiri, da Bayoloji ko Lissafin zaɓi. 'Yan matanmu da yawa ana tura su Hom Ikonomiks ba don an gwada an ga can suka fi ba, sai don "ya fi dacewa da mace". Sashen ba abin raini ba ne, ana shiga makarantar nas daga cikinsa. Sai dai yarinya 'yar shekara 15 an rufe mata wasu hanyoyi da biro a minti ɗaya, ba ta ma san an rufe ba.

Rariya ta uku: zaman jira bayan WASSCE

A WASSCE, jarrabawar gama sakandare, jami'a tana neman aƙalla makin C6 a darussa shida, uku na dole da uku na zaɓi. D7 da E8 an ci, amma ba sa kai mutum digiri. Wanda ya fi kayar da yara shi ne Lissafin dole. To ga inda hanya ke rabuwa: ɗan mai hali ya samu D7, a biya masa makarantar maimaici, ya sake zanawa a Nov-Dec, wato WASSCE ta masu zaman kansu, baɗi yana jami'ar KNUST. 'Yar mai waakye ta samu D7 iri ɗaya, a ce ta zauna tukuna, ta koma bakin tukunya. Shekara ɗaya, biyu, masu neman aure suka fara sallama, dangi suka fara magana. Dokar yara ta 1998 ta sa shekarun aure 18, kuma a Zangon birni yawancin auren da ke yanke karatu ba a JHS yake faruwa ba, a wannan zaman jiran ne. Aure ba laifi ba ne, akwai masu karatu daga ɗakinsu. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, dangin da suka kasa haɗa kuɗin rajistar darasi ɗaya, rana ɗaya za su haɗa na anko, kanofi da mai kiɗa.

Idan ciki ya samu tana makaranta, ƙa'idar GES ta 2018 ta ba ta damar ci gaba da zuwa aji da kuma dawowa bayan haihuwa. Ba hedimastan da ke da ikon korarta.

Game da maganar babansu cewa ƙarfi ya fi amfani a kan namiji, akwai binciken da aka yi a nan Ghana. A 2008 masana tattalin arziki Esther Duflo, Pascaline Dupas da Michael Kremer suka ɗauki matasa 2,064 da suka ci gurbin sakandare amma rashin kuɗi ya hana su shiga, aka ba 682 tallafi ta hanyar ƙuri'a, aka bi rayuwarsu sama da shekara 10. Waɗanda suka samu tallafin sun fi gama sakandare, wannan ba mamaki. Amma ƙaruwar shiga manyan makarantu da samun aikin gwamnati a wajen matan ta fi fitowa, sun kuma jinkirta ɗaukar ciki. Binciken ya nuna wani abu mara daɗi ma: sakandare ita kaɗai ba ta ɗaga kuɗin shigar yawancinsu sosai ba. Ribar tana wajen wadda ta wuce gaba.

Wucewa gaban ya ɗan yi sauƙi. Tun 2022 asusun lamunin ɗalibai ya daina neman mai tsaya wa ɗalibi, Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, ake nema, a 2025 kuma gwamnati ta fara ɗaukar kuɗin karatun shekarar farko a manyan makarantunta. Kuɗin ɗaki, abinci da fom suna nan a wuyan gida. Ki tabbatar yaran suna da takardar haihuwa, kuma suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a kowace takarda. 'Yan Zango sun fi kowa shan tambayar "ina ne garinku", harafi ɗaya da ya bambanta tsakanin takardar BECE da Ghana Card yana iya cin watanni.

Ɗinki, Magazin da pragya

Sana'a hanya ce mai mutunci, kuma mafi yawan masu aiki a ƙasar nan da ita suke ci, ba da albashi ba. Amma a cikinta ma akwai rabo. Mata ana kai su ɗinki, gyaran gashi da girki. Maza ana kai su Suame Magazin, unguwar makanikai, ko walda, wayarin, fenti, tayil, gyaran firij da AC. Koyon duk kusan shekara uku ne, akwai kuɗin shiga, kayan aiki, da kuɗin yaye. Bambancin yana bayan yaye. Ki ƙirga shagunan ɗinki daga gidanki zuwa kasuwar Asawase. Duk layi akwai madam, kowace tana yaye yara, ga kayan gwanjo sun cika kasuwar Kejetia, ciniki kuma sai salla ko biki. Mai wayarin da ya iya aikinsa ba ya gogayya da mutum goma a layi ɗaya. Idan har ɗinkin take so da kanta, to ta yi shi bayan sakandare ko ta makarantar fasaha ta TVET, waɗanda su ma suna cikin tsarin kyauta, ta zana jarrabawar sana'a ta gwamnati ta samu takarda. Mai takarda da lissafi tana iya karɓar kwangilar yunifom ɗin makaranta, mara su tana jiran mai kawo yadi shida. Doka ta ce ba a sa yaro koyon sana'a sai ya kai shekara 15 ko ya gama karatun tushe. A rubuta yarjejeniya da masta ko madam: shekara nawa, me za a koya, me za a biya. Inda ba a rubuta ba, shekarar farko kan ƙare a shara, aike da renon 'ya'yan madam.

Shi ma namijin kada ki ɗauka ya tsira. Nasa tarkon kuɗin yau ne. Abokinsa ya karɓi pragya, wato babur mai ƙafa uku na haya, ta biya-kana-aiki, yana dawowa da kuɗi a aljihu kullum, shi kuma yana roƙon kuɗin mota. A gidajen masu ƙaramin ƙarfi yaran maza da yawa ba cire su ake yi ba, su ke ficewa. Shekararsa ta JHS 3 da hutun bayan BECE su ne lokacin sa ido.

Bayan takarda, aiki

Waɗanda kika gani zaune ba ƙarya idonki ya yi ba. Bayan shekara ɗaya ta bautar ƙasa, guraben albashi ba su kai yawan masu nema ba. Nas da malamai sukan jira a tura su aiki har sai ma'aikatar kuɗi ta ba da izinin ɗauka, wani lokaci shekaru. Mai iya jira shi ne wanda gida ke ciyar da shi, mai saurin samu kuma shi ne mai wanda zai kai sunansa, abin da ake kira furotokol. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya sa yaronki a soja, 'yan sanda ko shige da fice, ki riƙe kuɗinki.

Mace tana da ƙarin tambayoyi biyu a gabanta, aure da lulluɓi. Sashe na 17 na kundin 1992 ya hana nuna bambanci saboda jinsi, addini, ƙabila ko matsayin arziki. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ce aiki ɗaya albashi ɗaya, ta ba mai haihuwa hutun aƙalla mako 12 da albashinta, ta hana korarta saboda ciki. Wadda aka zalunta tana iya kai ƙara CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, ko hukumar ƙwadago ta ƙasa. A 2024 an kafa dokar da ke neman kai wakilcin mata kashi 50 cikin 100, tun Janairun 2025 kuma mataimakiyar shugaban ƙasa mace ce, Farfesa Naana Jane Opoku-Agyemang. Sai dai ba mai ɗaukar aiki da zai rubuta cewa don mayafi ya ƙi ta, zai ce an samu wanda ya fi dacewa. Kuma duk wannan kariyar mai takardar ɗauka take rufewa. Ke da ke sayar da waakye, da kayayo da ke ɗaukar miki buhun shinkafa, ba mai ba ku hutun mako 12.

To ina za ki sa abin hannunki

Ban ga katin sakamakon yaran ba, don haka ba zan ce wannan likita ce wancan injiniya ne ba, kuma babu dabarar gida da za ta ƙirƙiro guraben aikin da babu su. Abin da ke hannunki dai yana da yawa. A yanzu ba a kai matakin zaɓen ɗaya a bar ɗaya ba, domin sakandaren ba ta neman kuɗin makaranta daga kowannensu, shekara guda kuma ke tsakanin shigarsu. Ki faɗa wa babansu haka cikin lalama, ku ajiye maganar ɗinki sai an ga sakamakon BECE nata.

Abu mafi araha shi ne lokaci. A raba aikin asuba tsakanin su biyun, ɗaukar tukunya da ɗiban ruwa ba sa rage wa namiji komai. Daga zango na biyu na JHS 3 a sauke wa mai jarrabawa aikin safe gaba ɗaya, ko da za ki ɗauki mai taimako na wata shida ki biya ta kullum. Idan kuɗin kilasis na darasi ɗaya kawai gare ki, ki sa a Lissafi, ki fara wa macen tun yanzu tana JHS 2, domin Lissafi hawa-hawa ne, wanda ya rasa kasafi da aljabara a nan zai gamu da su a WASSCE. Ki buɗe susu, wato asusun ajiya, na daban don kayan shiga makaranta, ki riƙa sayen akwati, bokiti da katifa ɗaya-ɗaya kafin sakamako ya fito farashi ya tashi, wani susun kuma ki bar shi don Nov-Dec ko da ba a buƙace shi ba.

A wannan zangon ki je makarantar da kanki, ko ki tafi da wani mai karatu daga masallacinku. Ki nemi malamin Lissafi da na Turanci, ki tambayi makin kowane yaro a kan 100, ba matsayinsa a aji ba, domin na biyar a aji mai rauni yana iya zama mai agiriget 25. Ki nemi a nuna miki rajistar zuwa, ki ga kwana nawa aka rubuta macen ta makara. Sannan ki gaya wa hedimasta kada a tura fom ɗin zaɓen makarantar wanta sai kin zauna an karanta miki shi layi-layi, har da sashen karatun da aka rubuta a gaban kowace makaranta.